Goggo Ba Ta Tashi da Hannu Ɗaya

Da makullin sabuwar mota Baba Akawu yake susar kunne. A layin mai na lura da haka ranar Litinin, rana ta take, layin kuma tun hantsi bai yi wani motsin kirki ba. Makulli ne na gani na faɗa, baƙi wuluk, da 'yan maɓallai a jikinsa, har yau da guntun jan ƙyallen da aka ɗaura masa ranar biki. Ya zura bakinsa a kunnen dama, ya lumshe ido ɗaya, yana murɗawa a hankali kamar mai tayar da inji. Shekara ta kusa zagayowa da ba shi makullin nan, kuma iya sanina wannan kunnen ne kaɗai ramin da ya taɓa shiga.

A cikin motarmu fa yake zaune, layin kujerun tsakiya, gefen taga, wurin da ya zama nasa ba tare da kowa ya ba shi ba. Maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu. Ya yi aikin akawu har ya yi ritaya, sunan aikin ya biyo shi gida.

Ku yi mini haƙuri, masu karatu, in gabatar muku da motar tukuna, don ita ce uwar tafiyar. 'Yar bas ce ta iyali, mai kujeru layi uku da ƙofar gefe da ake ja. Da can fara ce, yanzu ta koma launin haƙorin mashayin shayi. Baba ya saye ta a hannun wani shekarar da na fara rarrafe, ga shi yau na gama jami'a ina zaune gida ina jiran aikin da Masu Girma suka ce yana hanya, ita kuwa tana nan tana kai mu tana dawo da mu. Goggo muke ce mata, saboda halinta ɗaya da goggonnin nan na kowane gida: mita tun daga bakin ƙofa har inda za a je, amma ba za ta taɓa barin nata a hanya ba.

Ba zan ɓoye aibinta ba. Tagar baya ta daina sauka. Hon ɗinta kamar akuya mai mura. Allurar da ke nuna mai ta mutu a tsaye, kullum cewa take tanki a cike yake, kuma ban san wani mai irin wannan kyakkyawan zato ba sai masu karanta mana jawabi a rediyo. Baba ba ya kallon allurar, da kunne yake sanin mai ya yi ƙasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Babban sirrin Goggo a wurin tashi yake. Wani abu ya sassauta a gindin sandar giya tun ina firamare. Bakanike ya duba, wani bakaniken ya duba abin da na farkon ya duba, kowa ya ce a dawo. Idan ka murɗa makulli kawai, shiru za ka ji, ko tari ba za ta yi maka ba. Sai wani ya dafa sandar ya tura ta gaba kaɗan ya riƙe, sannan a murɗa. To makulli yana dama, sanda tana dama, hannun hagun Baba kuma tumbi da sitiyari sun haɗa baki sun tare masa hanya. Don haka aikin na mutum biyu ne: Baba ya murɗa, Umma ta dafa.

Wannan ne ya sa faɗa ba ya tsufa a gidanmu. Za a iya karya kumallo ba wanda ya ce da wani uffan, a fito fuska a ɗaure, a shiga mota. Baba ya zura makulli ya kafe titi da ido. Umma ta juya tana kallon tagarta kamar ta ga wani abin mamaki a katangar da ta sani shekara da shekaru. Can sai ka ga hannunta ya tafi shi kaɗai ya sauka a kan sandar. Goggo ta yi tari biyu ta kama. Kafin a kai kwanar unguwa wani ya tambayi wani ko an kashe murhu. Kaka, mahaifiyar Baba, ta sha cewa duk bakaniken da ya gyara wurin nan alhakin aure zai ɗauka.

Kakar nan ita ce dalilin da Goggo ta wuce abin wasa a gidanmu. Duk Litinin ana kai ta asibiti gashin gwiwa, kuma kekenta na zama irin wanda ba ya naɗewa ne. Baba ya cire rabin kujerar baya don ya samu wuri, ni nake zama a sauran rabin ina riƙe da shi kada ya gangaro. Mun taɓa gwada tasi sau ɗaya da Goggo ke wurin mai faci. Direban farko ya kalli keken ya ja motarsa, na biyu ya ce sai dai a ɗaure shi a sama, Kaka ta tambaye shi ko da ita a kai za a ɗaure ko babu ita.

To, daga asibitin muka biyo layin mai ranar nan. Da safe an faɗa a rediyo cewa mai ya wadata ko'ina, ba a san abin da ya tara jama'a a gidajen mai ba. Ni dai ina zargin son zumunci ne. Mutane sun yi kewar juna, sai suka fito da motocinsu su jera a rana su gaisa.

"Malam," in ji Baba Akawu, bayan ya goge makullin a hannun riga, "da ka bi shawarata, da yanzu ba ka cikin wannan wahala. Sababbin nan shinshinar mai kawai suke yi."

"Taka kam ai ba ta taɓa shiga layi ba," in ji Umma, ko juyowa ba ta yi ba.

"Lamba ake sa mata."

"Wancan watan ma lambar ake sa mata."

"Wancan watan ta gaba ce. Yanzu ta baya ake yi."

Ga wanda bai san zancen ba, bara ne Allah ya albarkace mu da Kwamitin Sabunta Ƙafar Iyali, ƙarƙashin Mai Girma Uban Alƙawura, Garkuwan Masu Jira, Inuwar da Ake Hangowa Daga Nesa. Tsarin mai sauƙi ne. Tsofaffin motoci suna ɓata iska, saboda haka ka kawo taka su karɓa, su ba ka sabuwa dal, ka riƙa biya a hankali. Wannan tausayi da suka nuna wa huhunmu ya kusa sa ni ƙwalla, musamman da na wuce ta gaban ofishin kwamitin hayaƙin janaretansu ya shiga mini ido. Baba Akawu yana cikin rukunin farko. Ya kai 'yar ƙaramar motarsa mai ƙofa biyu, wadda ta yi masa hidima tun kafin ya yi furfura, ya dawo gida a ƙafa da makulli da hoto. Hoton yana rataye a falonsa: shi a zaune a bayan sitiyarin wata shuɗiyar bas, yana murmushin da ban taɓa ganin irinsa a fuskarsa ba. Tun daga ranar muke jin gafara sa, ba mu ga ƙaho ba. Kaka ta rantse ta taɓa hango tsohuwar motar tasa a bakin kasuwa tana lodin fasinja, amma an ce idon tsufa ne.

Ya miƙo mini jarida ta saman kujera. "'Yar boko, karanta wa babanki nan wurin. Rubutun yanzu ƙanana suke yi."

"Har yau tabarau ɗin bai fito ba?" in ji Umma. "Wanda na ɗaure maka ƙafarsa da jan zare?"

"Jikoki ne. Ko wanzami. Cikinsu dai wani ya san inda yake."

Na karanta da ƙaramar muryata. Sanarwa ce cewa ranar Asabar za a yi bikin rukuni na gaba, kuma ƙofa a buɗe take ga duk mai kishin iska.

Ganin layi ya ƙi motsi, Umma ta ce bari ta tsallaka titi ta sayo zare, don ɗinki take yi a gida kuma kayan makarantar 'ya'yan mutane na jiran ta. Kun san halin layin mai, kamar yana leƙen mutum. Tana ɓacewa cikin shagon, motocin gabanmu suka zabura. Baba ya murɗa makulli. Shiru. Ya ce wani ya dafa. Ni ina can baya keke ya tokare ni, kafin in tsallako kujera sai an yi shawara da siket ɗina. Baba Akawu ya yi ta maza ya miƙa hannu, amma da yake ba ya gani sosai, gorar ruwan Umma ya cafka ya tura ta gaba da iya ƙarfinsa. Na bayanmu suka dinga danna hon. Aka fara zagaye mu ɗaya bayan ɗaya. Wani saurayi a cikin mota mai sheƙi ya sauke gilashi daidai tagar Baba.

"Baba, ku kai ta gidan tarihi mana, ƙila su ba ku tukuici."

Aka yi dariya, har da mai sayar da ruwa. Baba malamin makaranta ne da ya yi ritaya, mutumin da in ya shiga aji ko ƙuda sai ya nemi izini kafin ya tashi. Daga inda nake na ga bayan wuyansa ya canza.

Umma ta dawo, ta dafa, muka tashi, muka sake bin layi daga inda aka bar mana. Muna gab da famfo sai ga jiniya. Ayarin wani Mai Girma ne, ban san wanne ba, duk gilashinsu iri ɗaya ne. Suka shiga ta ƙofar fita, suka sha suka ƙoshi, har da wata mota da ba kowa a cikinta sai lema. Suna fita mai zuba mai ya rataye tiyo ya ce sai gobe. Ban ga laifinsu ba. In ba su sha mai ba, da me za su zagaya su shaida mana cewa ya wadata?

Da yamma, Umma na kan keken ɗinki, Kaka na kan tabarma tana shafa man zafi, Baba ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki ya yi gyaran murya irin ta aji.

"Na yanke shawara. Ranar Asabar zan kai motar nan."

Keken ɗinki ya tsaya.

"Malam, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni."

"Karen bana shi ke maganin zomon bana."

"Ka ga karen? Maƙwabcinka igiyar kawai aka ba shi."

"Rukunin farko ne, dole a samu tangarɗa. Sun ce wannan karon ba za a wuce mako biyu ba."

"Litinin biyu ke nan," in ji Kaka. "A ka za ka ɗauke ni zuwa asibitin, ko Akawu ne zai goya ni?"

"Inna, za a san yadda za a yi."

"Haka ubanka yake cewa. Har ya koma ga Allah ana sanin yadda za a yi."

Na so in sa baki. A jami'a mun yi zango guda cur muna nazarin irin waɗannan tsare-tsare, na ma ci jarrabawar da kyau. Amma ba a koya mana yadda 'ya za ta dubi mahaifinta, wanda yaro ya yi wa dariya a bainar jama'a, ta ce masa za a cuce shi ba. Ni da ko canji aka riƙe mini a shago sai in yi godiya in fito. Sai na tashi na ɗora ruwan shayi.

Washegari Baba ya je ya ba da suna. Cikin ƙiftawar ido aka gama masa, har da kujera aka ba shi. Wannan ya kamata a yaba. Na lura a ofisoshinmu in karɓa za ka yi, sai takalminka ya cinye, amma in kai ne ka kawo, ko layi babu.

Safiyar Asabar Baba ya wanke Goggo da kansa, abin da ya daɗe bai yi ba, har da goge allurar man nan mai ƙarya. Muka shiga gaba ɗaya. Kaka ta ce ba za a yi rabuwar nan a bayan idonta ba. Baba Akawu ya zo da hular da kwamiti ya raba wa waɗanda suka riga suka amfana. Baba ya zura makulli ya kafe titi da ido. Umma ta haɗa hannuwanta biyu a cinya.

Hannunta bai tafi kan sandar ba. Sai a lokacin na gane cewa duk shawarar da Baba ya yanke, ba za ta fita daga ƙofar gida ba sai da hannun Umma. Ita ma ta sani. Shi ma ya sani, don kunnuwansa sun nuna.

"Ban taɓa barin ka a ƙofar gida ba," in ji ta daga ƙarshe, "ba kuma yau zan fara ba." Ta dafa. Goggo ta yi tarinta ta kama, ba ta san inda za a kai ta ba.

Filin bikin ya sha ado. Rumfuna, kujerun roba, lasifika mai ƙara kamar ana yanka ƙarfe. A tsakiya an yi dandamali da jan kafet, a kansa shuɗiyar bas tana ɗaukar ido, an ɗaura mata ƙyalle kamar kyauta. Ita kaɗai ce. An ce sauran suna wurin rajista, an kawo ta wanda za a fara kira ne, ta kowa kuma za a riƙa shigo da ita bi da bi idan lokaci ya ba da dama. Na ga tayoyinta ko ƙasa ba su taɓa sha ba, na kuma hango hancin tirela a bayan shinge, amma na bar wa cikina.

"Ka gani ko, Malam?" in ji Baba Akawu yana ƙanƙance ido. "Irin tawa ce sak, har launin."

Aka nuna mana inda za mu ajiye Goggo a jerin tsofaffin motoci. Wani jami'i mai kwat, yaro ne ɗanye, ya zo da tire yana karɓar makullai. Takardu sai bayan hoto za a sa hannu, in ji shi. Baba ya ɗora makullinmu, mai ɗaure da igiyar takalmi, yatsunsa suka ɗan daɗe a kai kafin ya janye. Jami'in ya leƙa ciki ya ga Kaka.

"Mama, sai a sauko, direbanmu zai kai ta wurin ajiya."

"In tsufa ne laifin, ai da ni ya kamata ku fara. Ku haɗa mu ku kai."

Ya yi 'yar dariya, ya ga ba wasa take yi ba, ya ce to bari direban ya zo su daidaita.

Mai Girma ya iso bayan rana ta gama gasa mu. Ya yi jawabi a kan iska, da jikokinmu, da yadda wasu ƙasashe ke turo mutane su koyi wannan tsari a wurinmu. Waɗanda suka riga suka amfana suka yi tafi, kuma na lura dukansu takalmansu sun sha tafiya. Sai aka fara kira, aka kuwa fara da Baba, wataƙila don furfurarsa za ta yi kyau a hoto. Ni da Umma muka matsa gindin dandamalin. Mai Girma ya miƙa masa baƙin makulli mai jan ƙyalle ba tare da ya dube shi ba, aka buɗe masa ƙofa, ya zauna a bayan sitiyari. Ba zan yi ƙarya ba, ta yi masa kyau. Ya shafa sitiyarin, kafaɗunsa suka miƙe, na ga malamin nan na da ya dawo.

"Baba, cire tabarau, yana ƙyalli," in ji mai hoto. "Jefa shi nan aljihun ƙofa. Yi sauri, akwai mutane."

Yadda maganar ta fito masa a haddace, ka san ba yau ya fara faɗin ta ba. Baba ya cire, ya zura hannu a aljihun ƙofar, sai ya tsaya. Ya zaro hannun da tabarau, amma ba nasa ba. Ya ɗora a cinya. Ya sake zurawa ya zaro wani, mai kaurin gilashi. Ya sake zaro wani na mata, mai ruwan zinariya. Ashe duk dattijon da aka zaunar a kujerar nan haka ake ce masa, a haske masa ido da fitilar hoto, a fitar da shi ta hanzari yana rungume da makulli, wasu sai sun kai gida su fara zargin jikoki. Na ƙarshen da ya fito baƙi ne, ƙafarsa ɗaya a ɗaure da jan zare.

Na gan shi kafin kowa. Abin da na iya yi kawai shi ne na ja gefen mayafin Umma.

"Wannan ɗaurin hannuna ne," in ji Umma, da muryar da take tambayar kuɗin albasa.

Baba ya mayar da nasa tabarau ɗin a fuska, ya juya na Baba Akawu a hannu, ya dubi jami'in mai kwat.

"Ɗana, wannan motar tawa ce?"

"Taka ce, Baba, da zarar an kammala rajista."

"Ba a taɓa ba wa kowa ita ba?"

"Sabuwa ce dal, jiya ta iso."

"To ta maƙwabcina fa, na rukunin farko?"

"Tasa tana hanya."

"Ikon Allah. Ga shi tabarau ɗinsa ya riga ta isowa."

Ya fito a hankali, ya jera sauran tabarau ɗin a kan kujera yadda masu su za su gani, ya ɗora baƙin makullin a gefensu. Ya sauko ya ratsa ta gaban masu hula ya danƙa wa Baba Akawu nasa a tafin hannu. Kada ku zaci biki ya watse. Mai Girma yana waya, jami'in ya share kujerar da hannu ɗaya ya kira suna na gaba, masu tafi suka yi tafi. Sai dai na ga wani tsoho mai sanda ya je wurin tiren nan kamar mai neman hanyar bayi, ya tsinci makullinsa ya sa a aljihu.

Namu makullin ba ya kan tiren. Muka nufi inda muka bar Goggo, Baba yana sauri irin wanda likita ya hana shi. Jerin ya yi gibi, an riga an kwashe motocin da ke gefenta. Ita kuwa tana nan daram inda muka bar ta. Direban kwamiti ya buɗe murfin inji, ya bubbuga kan batir da dutse, ya koma ya murɗa, ya fito, ya sake komawa, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Kaka na zaune a wurinta tana ba shi shawara da zuciya ɗaya.

"Ka yi mata sallama kuwa? Ba ta son a faɗo mata haka kawai. To gwada da murmushi. Kai yaro, wa ya koya maka tuƙi?"

"Baba, motar nan taku ta mutu," in ji direban da ya gan mu. "A tura ma ba ta turuwa."

"Kawo in nuna maka."

Baba ya zauna a kujerarsa, wadda ta lotsa daidai jikinsa. Na haye baya na kama keke. Kaka ta leƙa ta ƙofa ta hango Baba Akawu a tsaye can gefe, hular kwamiti a hannu.

"Akawu, shigo mana. Wa ka bar wa tagar?"

Ya shigo. Umma ce ta ƙarshe. Ta zauna, ta gyara mayafi, ta buɗe jaka ta duba zarenta, ta rufe, ta juya tana kallon wata bishiya kamar ba ta taɓa ganin bishiya ba. Baba yana riƙe da makulli. Direban ya sunkuyo ta taga yana jiran ya ga dabara.

"Maman yara," in ji Baba a hankali.

"Na'am."

"Don Allah."

Ban taɓa jin ya faɗi wannan a cikin motar nan ba. Hannun Umma ya tafi ƙasa-ƙasa yadda na waje ba zai lura ba. Goggo ta yi tari biyu ta kama, ta saki baƙin hayaƙi guda don girmama kwamiti.

Direban ya ja da baya. "Baba, me ka taɓa?"

"Kana da aure?"

"A'a."

"To ba za ta tashi ba."

Muka fara gangarawa wajen ƙofar fita. Ya biyo mu da ɗan gudu yana nuna bayansa. "Baba, wurin ajiyar ta can ne. In oga ya tambaya in ce me?"

"Ka ce tana hanya."

Kafin a ce ni mai butulci ce, bari in miƙa godiya ga Mai Girma Uban Alƙawura. Tun da nake ban taɓa jin wani kwamiti ya mayar wa talaka abinsa ba sai wannan. Ya adana tabarau ɗin dattijo kusan shekara, a cikin sabuwar mota, ko ƙwarzane babu. Duk wanda kakansa ya rasa nasa a 'yan watannin nan, ya daina dukan yara, ya jira biki na gaba ya je da wuri.

A hanyar gida Goggo ta yi mitarta kamar kullum, allurarta na rantsuwa tanki a cike yake. Kaka ta yi barci. Daidai kwanar unguwa Baba ya tambayi Umma ko an kashe murhu. Baba Akawu kuwa ya sa tabarau ɗinsa, jan zaren na lilo a gefen kunnensa. Ya ciro baƙin makullin daga aljihu yana duba shi gaba da baya, ya danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ya kai shi kusa da ido, ya daɗe a haka.

Muka tsaya a ƙofar gidansa.

"Litinin da safe, Akawu," in ji Baba yana kallon titi. "Kamar kullum."

Ya ja ƙofar ya sauka. Ya ajiye makullin a kan kujerarsa ta gefen taga, ya ɗora hular a kai, ya mayar da ƙofar a hankali don kada Kaka ta farka, ya shige gida.